Sarjan Ɗangana, Wanda Bai Je Yaƙi Ba

Jawabin Kapural Maiguwa, shugaban tsoffin soja na Buza, ranar sadakar arba'in ta Ɗangana mai ginar rijiya, a Allakaye, 1967.

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai, wanda shike ba da rai shi karɓi abinshi ba tare da ya shawarci kowa ba.

Mai girma Superfe mai mulkin Buza, mun gode da kab baro biro, ofishinka, kaz zo. Sarki, Allah shi ja da ranka. Liman da malamai, Allah shi gafarta muku. Maigarin Allakaye da dattawa, Mushe malamin lakwal mai koya ma yara boko, 'yan uwana tsoffin soja masu jar hula, Fulanin rugage da kunka bar shanu ga yara kunka taho, sannunku da hanya. Furera matar marigayi, kina cikin takaba bayan darnin can, amma na san kina ji na. Dela, Tanko, da sauran ɗiyan marigayi, Allah shi ba ku haƙuri.

Wanda bai san ni ba, ni na Maiguwa. Uwata da uban Ɗangana ciki ɗaya sunka fito, ke nan ni da shi taubasai na. Dangi sun ce ni za ni yi magana, don taubashi kaɗai ke da izinin faɗin abin da sauran mutane ke jin nauyi. To za ni faɗi. Ina kishin mutumen ga. Na yi kishinshi shina raye, kuma da nid dubi taron ga na yau, kishin ƙaruwa yay yi. Ni ina da madai, lambar yabo ta soja, a ƙirji, ina da ƙarfe a cinya, amma Superfe bai taɓa sanin ƙofar gidana ba. Ga shi yau zaune ƙofar gidan mai ginar rijiya.

Akwai magana ɗaya gabanmu, bari in ajiye ta tun yanzu kowa shi san inda munka nufa. Furera ta aika a kira ni, tac ce mani daga bayan tabarma: "Kapural, taubashinka ya bar magana. Bai yi zancen gona ba, bai yi zancen jakai ba. Cewa yay yi, ko sau ɗaya, soja na gaskiya su jeru su sara mishi."

Na kai maganar ga tsoffin soja, inuwar itacen bedi ta Buza inda muke zama. Baraka, wanda yab baro hannu ɗaya a yaƙin Andoshin, can gabas bayan teku, yac ce: "Sarawa ba wasa ba ta. Hannu ɗaya yar rage mani, ba ni ɗaga shi don mai ban dariya." Waɗansu sunka ce a yi, waɗansu sunka bi Baraka. Anka yi ta ja har la'asar, daga ƙarshe anka ce Maiguwa shi yanke, tunda shi na shugaba, shi na taubashi. Yau za ni yanke, gaban kowa. Amma sai kun ji abin da ke raina tukuna.

Rana ɗaya anka kora mu Madawa, ni da shi, muna samari, shekarar da anka ɗebi soja daga ƙasar ga. Anka tuɓe mu, likitan Nasara shina duba mana haƙora kamar mai sayen raƙumi. Ni yad dafa mani ƙirji yac ce in wuce dama. Da yaz zo ga Ɗangana yag ga cibi ƙato, yat taɓa shi da sanda, yac ce a maida wanga gida. Kun san cibin, ba sai na siffanta ba, riga ba ta taɓa iya rufa mishi asiri ba. Ranar Ɗangana kuka yay yi, ni ko ina dariya har da riƙe ciki. Ban sani ba ashe daga ranar dariya ta yi ƙaura, ta koma gidanshi.

Ni anka sa ni jirgin ruwa, sai Andoshin. Na sha laka har wuya, matsattsaku sun sha jinina, na kwana cikin gonakin shinkafa ana harbinmu daga inda ba mu gani. Tare da ni akwai Bakari, ɗan Inna Jaratu ta rugar Tabotaki, ga ta can zaune cikin mata. Ku riƙe sunan ga, za mu komo gare shi. Bakari bai komo ba. Kusa da ni yaf faɗi, ni niɗ ɗauke shi a kafaɗa, ni nir rufe shi.

Shi ko Ɗangana ya tsaya gida shina ginar rijiya. Nan kam dole in ba shi nashi, mu duka mun shaida.

Ya kasance mai shiga rijiyar da kowa yal leƙa yaj ja baya. Ƙasarmu ta dutse ta, ruwanta nesa shike, kuma daga Azarori har Keita da wuya ka sha ruwan garin da dundurusun Ɗangana bai taɓa ba. Ya kasance in rijiyar gari ta rufta da damana, ba a aika mishi, ji shike shi zo da igiya a wuya. Ya kasance in manomi da makiyayi sun tada jijiyar wuya bakin rijiya kan wa za shi fara ja, shi kan leƙo daga ciki shi ce in ba su bari ba za shi sha ruwan duka shi fito, sai kowa shi yi dariya shi saki sanda. Ya kasance mai murya. Mutumen da yas saba kiran "ku ja!" daga can ƙasan rijiya, in yay yi magana bisa ƙasa sai an ji shi a ƙauyen gaba. Muryar ga ita tac cuce ni.

Shekara biyu bayan 'yancin kai, kamyo, babbar motar silima ta gwamnati, yaz zo Buza. Bayan magariba anka rataya farin ƙyalle a bangon lakwal. Anka nuna noman gujiya, anka nuna allurar shanu, sannan shufer mai tuƙin kamyo yas sa wani tsohon filim na soja, wanda yat tsufa har ka ce ruwa ake yi cikinshi. Nasara biyu na masu ban dariya, ɗaya dogo siriri, ɗaya gajere mai faɗi. An ce a ƙasarsu ba wanda bai san su ba. An ɗauke su soja, an ba su tsaron babbar gangar Kumandan, ganga ta kuɓuce musu ta gangara daga tudu, su ko suna bin ta tun farkon filim har ƙarshe. Daga ƙarshe ganga ta faɗa sansanin abokan gaba tana ƙara, abokan gaba sun zaci igwa ta sun watse, anka kira wawayen ga biyu anka maƙala musu madai. Madai, jama'a! Don sun bi ganga.

To ranar, injin murya yal lalace. Bakin Nasara na motsi, ba a jin komi. Mutane sunka fara naɗe tabarmi. Sai dogon ga ya buɗe baki, sai munka ji murya daga tsakiyar taro: "Turmi, ina gangar Kumandan?" Gajeren yas sosa kai, muryar tas sake, tay yi kauri: "Wallahi Taɓarya nan nib bar ta, sai dai in ta tahi cin kasuwar Madawa." Wurin yar ruɗe. Waɗanda sunka tashi sunka koma sunka zauna. Limamin wancan lokaci, Allah shi jiƙan shi, ya yi dariya har rawani ya warware. Tun daga ranar, ko injin na lafiya, mutane ba su yarda a kunna shi. Anka ba Ɗangana ƙahon ƙarfe mai ƙara murya, anka riƙa ɗaukar shi a kamyo gari gari, kuma duk Adar ba wanda yas san Nasaran ga da wani suna in ba Turmi da Taɓarya ba.

Cikin filim akwai wani sarjan mai gashin baki, mai tsawa. Ku tambaye ni inda Ɗangana yas samo muryarshi. Gidana yaz zo, yaz zauna kan tabarmata, yash sha furata, yac ce: "Taubashi, yaya ma kuke cewa in za a jeru?" Ni kuwa da zuciya ɗaya nit tashi nin nuna mishi. Ashe awo na shike. Ya ɗauke tarina, ya ɗauke yadda nike murza gashin baki kafin in yi faɗa, ya ɗauke har "kai, kai, kai" da nike ce ma yara. Ran da anka nuna filim a nan Allakaye, sarjan na buɗe baki, gari duka yaj juyo shina kallo na. Ina ganin waɗansunku yanzu ma kuna ɓoye baki. Ku yi abinku, na saba.

Daga nan yara sunka fara kiran shi Sarjan. In ya ratsa kasuwa bisa jaki sai su jeru su sara mishi, ni in na wuce da jar hulata su ce "ina kwana Baba." Ni da niy yi shekaru cikin laka na tsaya kapural, shi da cibinshi ya kai sarjan cikin maraice ɗaya. Wanga abu ya ci mani rai, kuma ba ni ɓoyewa.

Ya kasance, duk da haka, ya yi ma ƙasa aiki da bakin nan nashi. Filim ɗin allurar shanu ba mai kallon shi da, sai da Ɗangana yas sa saniya ta riƙa magana da Fillanci, tana ce ma makiyayinta shi matsoraci na, ita ba ta tsoron allura. Shekarar, mai allura sai da yag gaji da shanu a Tabotaki. Superfe, takardun allurar suna biro naka, ni ba ni ƙari.

Amma da fet ta Jamhuriya, bikin ƙasa, taz zo, Ɗangana yat turo wata hula da yar rina ja, wai za shi shiga difile, macin soja, cikin sahunmu. Ni nit tare shi. Nic ce: "Ɗangana, sahun ga da jini anka saye shi." Yac cire hular yas sa aljihu, yas sara mani, yak koma cikin 'yan kallo. Ko yau anka sake, haka za ni yi. Abin haushin, da muna wucewa gaban tuta, rabin mutane shi suke kallo, don shina can gefe shina kwaikwayon tafiyata.

Yanzu mu komo ga Bakari.

Da nik komo daga Andoshin, kafin in kwana gidanmu sai da nij je rugar Inna Jaratu. Bakari ɗan fari na gare ta, kuma kun san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba a kuma kiran shi gabanta barkatai. Nid durƙusa nesa nic ce: "Inna, yaron nan, Allah ya yi mishi cikawa." Tana kaɗa nono, ba ta tsaya ba. Tac ce Allah shi jiƙan Musulmi, tat tambaye ni ko na sha ruwa. Ta yi abin da yak kamata, ni ma na yi abin da yak kamata. Bayan nan, in ta hango ni a kasuwa sai ta sake hanya.

A tsakiyar filim ɗin nan akwai wurin da soja ke ratsa wata gada, sahu sahu, ba magana, ba ban dariya. Ran da kamyo yaj je Tabotaki ina wurin. Soja na bisa gada, sai nij ji Ɗangana ya ɗaga ƙaho: "Kai! Ga Bakari na Inna Jaratu can! Bakari, sabulun Nasara ya karɓe ka, ka yi fari tas! Waigo ka gaida mutanen Tabotaki!" Kuma akwai wani soja cikin sahu da ke waigowa daidai nan, Ɗangana ya san da shi. Sojan yaw waigo.

Wurin yay yi tsit. Na miƙe in je in shaƙe shi, ni da nis san inda kabarin shike. Sai munka ji dariya daga wajen mata, siririya, ta tsohuwa. Inna Jaratu ta, ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Da safe, ina gani da idona, ta ɗauko ƙwaryar nono da curin man shanu bisa, taw wuce ni ina zaune, tak kai ma Ɗangana.

Daga nan abin yab bazu. Duk garin da kamyo yas sauka, sai ka ga tsofaffi da zawarawa suna raɓowa kusa da shi kafin magariba, suna raɗa mishi a kunne, ko su aiko maƙwabciya ta raɗa. In an zo gada, shi kan kira su ɗaya ɗaya, waɗanda sunka tahi yaƙin Jamus, waɗanda sunka tahi Andoshin, waɗanda sunka tahi Aljeri, kowa da tsiyar da za shi yi mishi. Wanga ya yi ƙiba, wancan har yanzu bai iya ɗaura takalmi ba. Ya kasance bai taɓa mance suna ba, bai taɓa kai ɗan wani gari garin wani ba.

Ni abin ya tsaya mani a wuya. Ran kasuwar Tabotaki nit tare Inna Jaratu wajen masu nono, nic ce: "Inna, kin san fa ba shi ba na. Ni nir rufe shi da hannuna."

Inna, ki gafarce ni, za ni maimaita abin da kinka ce. Tad dube ni tac ce: "Kapural, ce maka anka yi na zare? Na san Nasara na. Ni nih haifi yaron, na san tafiyarshi. Amma ɗan fari na. Tun ranar suna bakina bai kira shi ba, kuma ba shi kira har in mutu. Kai kaz zo da ladabi kaɓ ɓoye sunan, kowa yab bi ka, sunan yaɓ ɓace kamar ba a taɓa yanka mishi rago ba. Wancan mara kunya shi kaɗai ke kiran shi da ƙarfi gaban mutane, ni kuma in ji."

Nic ce: "To ni fa, Inna?"

Tac ce: "Kai ka kawo mani mutuwarshi. Na gode. Sau ɗaya ta isa."

Jama'a, ni ban yi laifi ba, abin da al'ada tac ce shi niy yi. Amma ku auna. Ni niɗ ɗauki ɗanta a kafaɗa harsashi na wucewa, ko ludayin nono ban taɓa gani ba. Shi ya yi ƙarya da ƙahon gwangwani, shina shan nono da man shanu duk zuwan kamyo. In wani cikinku ya ce shi ba za shi ji kishi ba, Liman na nan, shi zo shi rantse.

Wata rana na kasa daurewa. Na iske shi bakin wata rijiya a Azarori, ya fito duk laka. Nic ce: "Kai, duk sojan ƙasar ga ka gan su bisa gada, ni ban isa ba?" Yash share fuska, bai yi dariya ba, yac ce: "Taubashi, gadar ta waɗanda ba su komo ba ta. Kai ka komo. Yi haƙuri, ranarka na tahe. Ka ga mai riƙe da tuta, na gaba? Ban ba kowa shi ba, naka na. Ran da kat tahi za ni ce an yi maka janar."

Na zage shi, kamar yadda taubashi ke yi. Amma in gaya muku gaskiya, tun ranar hankalina yak kwanta. Ɗiyana mata na, sun yi aure nesa. Madai, in na mutu, cikin adaka za a jefa shi. Sai nike ce ma raina, ba komi, akwai mai kiran sunana gaban mutane daga Madawa har Keita. Sai ga ciwon ciki na 'yan kwanaki bayan damana ya ɗauke shi. Ya riga ni ga dariya, ya riga ni ga sarjan, ya riga ni ga nonon Inna Jaratu, yanzu ya riga ni ga gada, ya bar ni ba mai kira. Furera, ke kin rasa miji, ɗiyanki sun rasa uba, ba ni haɗa rashina da naku. Amma ni ma an yi mani rashi, kuma ina jin haushinshi.

To ga hukunci.

Baraka ya yi gaskiya. Soja ba shi sara ma farar hula, kuma ni ba ni karya wagga doka don taubashi.

Furera, kada ki yi kuka tukuna, ban ƙare ba.

Superfe ya gaya mani kamyo na zuwa Allakaye in an gama ɗaurin hatsi, kuma ya tambaya wa za shi riƙe ƙaho. Turmi da Taɓarya ba ni iya musu, a kunna inji su yi yarensu. In na gwada ba mai dariya, na san kaina. Amma gada, ni za ni riƙe ta. Na san sunayen, da yawa cikinsu na ci tuwo da su kwano ɗaya. Inna Jaratu, za ki ji shi, da ƙarfi, daga bakin da yaɓ ɓoye shi. Ba sai kin kawo nono ba. In kin kawo kuma ba ni maidawa.

Sannan akwai wani soja a ƙarshen sahu. Na daɗe ina lura da shi. Ɗamara ba ta zauna mishi daidai a ciki ba, akwai abin da ke turo ta, kuma ƙafarshi ba ta tahiya tare da ta sauran. Ɗangana bai taɓa ba shi suna ba. To ni, Kapural Maiguwa, shugaban tsoffin soja na Buza, gaban Superfe da Sarki da Liman, na ba shi suna yau. Ɗangana na. Likitan Madawa ya ƙi shi, ni na ɗauke shi. Sahun baya, kuma ba sarjan ba, kada shi ji daɗi da yawa. Ya shiga cikin waɗanda sunka hau gada ba su komo ba, kuma waɗanga kam muna sara musu.

Masu jar hula, ku tashi. Ku gyara sahu, ku fuskanci ƙofar gidan. Baraka, kai nike jira. Ba ni yi maka dole, hannunka na. Madalla, Baraka.

Gardabu! Ku ƙame, ku sara!

Furera, leƙo ta darni ki gani, don ki samu abin gaya ma jikokinshi.

Ku sauke. Ku zauna, Allah shi yi muku albarka.

Dela, Tanko, mai riƙe da tuta yana nan ba suna. Kun ji abin da ubanku yac ce a kanshi. Ran da anka yi tawa sadakar, in kamyo ya zo, wani cikinku shi karɓi ƙaho shi kira ni. Ko kapural ɗin ma ya isa.

Mun gode ma Superfe, mun gode ma Sarki, mun gode ma duk wanda yat taka ƙasa yaz zo, da matan da sunka kwana biyu suna daka. Allah shi maida kowa gida lafiya. Ya Allah, bawanka Ɗangana ya shayar da garuruwa, ka shayar da shi. Ya sa masu baƙin ciki dariya, ka sa shi tashi shina murmushi. Ka yafe mishi ƙaryar da yay yi bisa gada, ka yalwata kabarinshi, ka haɗa shi da Bakari da duk waɗanda yak kira. Ka rufa ma Furera da ɗiyanta asiri. In tamu ta zo ka sa mu cika da imani, kuma in na iske shi can, ko na tarar ya fi ni daraja, ka ba ni haƙuri, na riga na saba.

Liman, a yi mana Fatiha.